Yadda ake saka ɗan sakandare a kwas ɗin kwamfuta da tsara shafin intanet a dogon hutu a Kano

Da zarar an shiga jarrabawar zango na uku, iyaye kan fara tambayata, kuma tambayar kusan ɗaya ce: ina za a kai yaro ya koyi kwamfuta a wannan hutu, nawa za a kashe, kuma dole ne sai an saya masa laftof? Wani lokaci ɗaliban ne da kansu ke tambaya, musamman 'yan SS2 da suka fara hango JAMB. Ga amsar daki-daki, yadda zan bi idan ɗana ne ko ƙanwata. Ma'aunina ɗaya ne a kowane mataki: awa nawa yatsun yaron suka yi a kan kibod, kuma me ya gina da hannunsa da zai iya nunawa. Takardar shaidar da ake ɗaukar hoto da ita ranar kammalawa a bayan wannan take.

1. Ku fara auna yaron a gida

Iya waya daban, iya kwamfuta daban. Yaro zai wuni yana latsa TikTok da WhatsApp, amma a ajiye shi gaban kwamfuta ya rasa inda rubutun da ya yi ya shige. Kafin ku taka ƙafa zuwa kowace cibiya, ku ari kwamfutar wani ɗan'uwa, ko ku biya kuɗin rabin awa a shagon buga takardu na unguwa, ku sa shi ya yi waɗannan a gabanku: ya kunna ta, ya buɗe folda da sunansa, ya rubuta layi biyar game da makarantarsu, ya adana rubutun a cikin foldar, ya rufe komai, sannan ya sake nemo shi. In ya iya wannan, ya tura muku fayil ɗin ta imel.

Wanda ya yi tuntuɓe a nan, ajin share fage ne ya dace da shi: kibod, linzami, Word, Excel da imel. Wanda ya yi duka bai waiwayo neman taimako ba, ya isa shiga ajin tsara shafin intanet. 'Yan JS1 da JS2 kuwa na fi son a fara musu da Scratch, manhajar kyauta da aka ƙirƙira don yara a jami'ar MIT ta Amurka, inda ake haɗa umarni ta hanyar jawo tubala masu launi maimakon rubutawa. Akwai samfurinta da ke aiki ko babu intanet.

Ɗan SS2 ko SS3 yana da ƙarin buƙata. Tun 2015 a kwamfuta ake yin jarrabawar JAMB gaba ɗaya, kuma yanzu tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa arba'in ga kowace tambaya. Yaron da hannunsa ke rawa a kan linzami ya fara asarar lokaci tun kafin ya karanta tambayar farko. Duk ajin da ya shiga, a tabbata akwai atisayen jarrabawa a kwamfuta a ciki.

Hattara: wasu cibiyoyin kan tura yaro aji mafi tsada ko da bai iya adana fayil ba. Ku ne kuka gwada shi, ku tsaya a kan abin da kuka gani.

2. Ku fitar da lokaci kafin ku nemi wuri

Dogon hutu kan faro daga ƙarshen Yuli ya kai cikin Satumba, kuma abin da za a iya amfani da shi da gaske bai cika wuce mako shida ba. A cikinsa akwai Islamiyya, akwai hadda, akwai aiken gida, wasu kuma suna bin iyayensu kasuwa. Ku zauna da yaron ku ware kwana uku ko huɗu a mako, awa biyu kowace rana. Wannan ya fi zaman kullum daga safe har la'asar, don bayan awa biyu kan yaro ya cika, sauran lokacin hira ce da wasan kwamfuta. In Islamiyyarsu na hutun Alhamis da Juma'a, ku nemi ajin da ke amfani da Alhamis, ku bar Juma'a saboda masallaci.

Ku zaɓi ajin safe. Agusta ne tsakiyar damina a Kano, hadari ya fi haɗuwa da yamma, kuma kowa ya san yadda tituna ke cika da ruwa da yadda adaidaita sahu ke ƙaranci in an tsuge. Nisa ma abin dubawa ne. Yaron da ke Kurna ko Rijiyar Lemo ba sai an tura shi Hotoro ba. Wurin da hawa ɗaya zai kai shi ya fi wurin da ya yi suna amma sai an sauka an sake hawa, don a mako na uku ake fara fashi, kuma kuɗin mota ne kan jawo shi.

3. Inda ake nema

Ku fara da makarantar yaron. Makarantu masu zaman kansu da dama suna buɗe ɗakin kwamfutarsu a hutu, kuma kun riga kun san malaman. Sai cibiyoyi masu zaman kansu, waɗanda za ku samu a Zoo Road, Tarauni, Gyaɗi-Gyaɗi, Kabuga, Nasarawa da cikin unguwanni. Akwai kuma wuraren da suka daɗe a harkar horar da mutane fasahar sadarwa a Kano, irin su CITAD da reshen Digital Bridge Institute na hukumar NCC. Ku leƙa ku tambaya ko suna da shirin 'yan sakandare a bana, kuma ku yi hakan tun kafin a ba da hutu, don gurbin da ba a biya ko mai rangwame ba ya jiran kowa.

Hanyar da iyaye ke mantawa da ita ita ce ɗalibin jami'a na unguwa. Ɗan BUK ko ɗan Poli mai karanta ilimin kwamfuta, in gida uku ko huɗu suka haɗa kuɗi, zai koyar da yaransu a soro ko falo, kuma sau da yawa ya fi malamin babban aji lura da kowane yaro. Sharaɗin kawai shi ne a samu kwamfutocin da za su isa, kuma darasin ya kasance a wurin da babba ke gani.

4. Ku je da ƙafarku, ana tsakiyar darasi

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Gani ya kori ji. Kada ku yanke hukunci da takardar talla ko hoton da aka sa a Facebook, kuma kada ku sanar cewa kuna zuwa.

Na taɓa shiga wata cibiya da hantsi. Yara sun haura talatin, kwamfutoci goma sha biyu ne a jere, huɗu daga ciki an lulluɓe su da ƙyalle. Malamin yana tsaye ya zana kibod a allo da alli, yara sun duƙufa suna kwafa a littafi, wata yarinya har da rula take ja don maɓallan su fita daidai. Na ce, "Malam, yaushe za su taɓa na gasken?" Ya ce, "Yallaɓai, sai an kawo wuta. Mai ya yi tsada, ranar Asabar kaɗai muke ta da janareta." Raina ya ɓaci ƙwarai, don iyayen yaran nan sun biya kuɗi suna zaton 'ya'yansu na koyon kwamfuta. Ba a koyon ɗinki da kallon tela, sai ƙafa ta taka keke.

Don haka da kun shiga, ku ƙirga yara, ku ƙirga kwamfutocin da ke kunne, ba waɗanda ke kan teburi ba. Yaro ɗaya kwamfuta ɗaya shi ne daidai. Biyu a kan ɗaya ana iya haƙuri da shi in ana musanya kujera kowane rabin awa. Uku a kan ɗaya, ku juya, don mai ƙarfin hali ne zai riƙe linzami, mai kunya ya gama kwas yana kallo, kuma galibi 'yan mata da ƙananan yara ne ke zama 'yan kallon.

Ku tambayi batun wuta kai tsaye: in KEDCO ta ɗauke, me ke faruwa? In an ce akwai sola, ku nemi ganin inbata da batiran, ku tambaya awa nawa suke ɗaukar duka kwamfutocin, musamman ranar da gari ya wuni a lumshe. In janareta ne, wa ke sayen mai, kuma yana cikin kuɗin da za ku biya?

Sannan malamin. Ba mai cibiyar ba, wanda zai tsaya a aji. Ku ce ya buɗe muku shafi biyu da ya tsara a wayarku, da shafi ɗaya da ɗaliban bara suka yi. Mai aikin yi ba ya jinkirin nunawa. Ku nemi jadawalin darasi a rubuce, mako-mako. Ku saurara ku ji ko yana iya sauko da bayani cikin Hausa in yaro ya ɗaure fuska, don kalmomin kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, na Turanci ne, amma fahimtar ba dole sai da Turanci ba.

In 'ya mace za ku kai, ku ƙara da waɗannan: akwai malama ko wata babba mace a wurin? Yaya tsarin zama yake? Akwai banɗaki na mata da wurin salla? Wa ke lura da ƙofa lokacin tashi? Kada tsoro ya sa a bar ta a gida a kai ƙaninta. A nemi wurin da ya cika sharuɗɗan, ko a haɗa ta da 'yan'uwa mata su riƙa tafiya tare.

Hattara: duk cibiyar da ta hana ku leƙa aji ana darasi, ta ba ku amsar da kuke nema.

5. Lissafin kuɗi

Farashi na sauyawa daga unguwa zuwa unguwa, don haka abin da zai amfane ku shi ne hanyar lissafin. Ku sa a rubuta muku duk abin da za a karɓa tun daga ranar farko: kuɗin fom, kuɗin kwas, takardun darasi, katin shaida, satifiket, da kuɗin walimar kammalawa da ake son ɓullo da shi a mako na biyar. Ku ɗora naku na gefe: mota, data, filas da ɗan abin taɓawa.

Daga nan ku raba kuɗin da awannin da yaro zai yi hannunsa a kan kwamfuta. A ce wata cibiya na karɓar naira 30,000 na mako shida, kwana uku a mako, awa biyu kullum, kowane yaro da kwamfutarsa. Awa 36 ke nan, kowace awa ta tashi kusan naira 830. A ce wata kuma na karɓar naira 18,000 a kan lokaci iri ɗaya, amma yara uku ke raba kwamfuta. Abin da ɗanku zai samu awa 12 ne, kowace awa naira 1,500. Mai arahar ita ce mai tsadar. Haka batun mota: in zuwa da dawowa naira 600 ne, a kwana 18 ya zama naira 10,800, wanda zai iya cinye duk rangwamen da kuka bi zuwa nesa.

Ku nemi biyan rabi a farko, rabi bayan mako biyu, in kun ga kamun ludayinsu. In yara biyu ko uku za ku saka, ku nemi ragi, ana yi. Ku karɓi rasidi mai sunan cibiyar da hatiminta.

Hattara: kada ku tura kuɗi zuwa asusun wani da kuka gani a talla alhali ba ku ga ginin ba. Haka duk wanda ya yi alƙawarin yaro zai fara samun daloli bayan mako huɗu, ko ya zama ƙwararre a fannoni bakwai cikin hutu ɗaya, kuɗinku yake so.

6. Kayan aiki

Ba dole ba ne a sayi laftof kafin a fara. In cibiyar na da isassun kwamfutoci, abin da yaro ke buƙata shi ne filas mai girman 16GB ko 32GB, littafin rubutu mai kauri, da adireshin imel nasa. Google na ba da damar buɗe asusu daga shekara 13. Wanda bai kai ba, iyaye ne za su buɗe masa ta Family Link. Ku sa lambar wayar uba ko uwa a matsayin ta dawo da asusu, ku rubuta kalmar sirrin a wuri mai aminci a gida.

In bayan mako biyu kun ga yaron ya kamu da son abin, kuma da hali, to a saya. Tsara shafi ba ya buƙatar babbar kwamfuta. Ta hannu mai kyau ta wadatar: HP EliteBook, Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad, mai Core i5, RAM 8GB, da ma'ajiyar SSD ta 256GB. Ku lura cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, kuma Windows 11 na buƙatar Intel zubi na takwas zuwa sama, don haka in bambancin kuɗin ba shi da yawa, ku ɗauki wadda ta kai nan.

A Farm Centre ko Beirut Road, ku tafi da wanda ya san kan abin, kuma kada ku biya sai kun gwada a shagon. A buɗe Notepad a danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. A soka filas a kowace kafa. A haɗa ta da intanet na waya. A zare caja a bar ta tana aiki minti ashirin a ga yadda batir ke sauka. A buɗe murfin a rufe a ji ko maƙalar ta saki. A tabbata ba a kulle BIOS, wato saitunan tushe na kwamfutar, da kalmar sirri ba. Sannan a rubuta kwanakin garanti da lambar jikin kwamfutar a kan rasidi.

Wanda babu halin saye, akwai manhajojin Android irin su Acode da ake rubuta HTML da CSS, harsunan gina shafi da ƙawata shi, a cikinsu. Bai kai kwamfuta daɗi ba, amma ya isa bitar dare.

Hattara da filas. Kwamfutocin da kowa ke soka wa filas kan ɗauki wata cuta da ke mai da folda ta zama gajeriyar hanya (shortcut), ta ɓoye abin da ke ciki. Kowane ƙarshen darasi yaro ya ɗora aikinsa a Google Drive, mai ba da 15GB kyauta. Na ga yaron da aikin wata guda ya salwanta saura kwana biyu a kammala, yana kuka kamar an yi masa rasuwa.

7. Abin da ya kamata a koya, mako-mako

Ku riƙe wannan ku gwada da jadawalin da aka ba ku. Ga 'yan share fage abin a bayyane yake: mako biyu na kibod da folda, mako biyu na Word, mako ɗaya na Excel, na ƙarshe imel da atisayen jarrabawa. Na tsara shafi ne ke buƙatar bayani.

Mako na farko na hannu ne, ko da yaron ya ci gwajin gida. Ya koyi ajiye manuniyar hagu a kan F, ta dama a kan J, inda ɗan tudun nan yake, ya daina farautar haruffa da yatsa ɗaya. Ya haddace Ctrl da S don adanawa, Ctrl da Z don warware kuskure, Ctrl da C da V don kwafa da liƙawa. A sauke VS Code, manhajar rubuta kod ta kyauta, a buɗe folda ɗaya ta aikin.

Mako na biyu HTML: kanun rubutu, sakin layi, hoto, jeri, da mahaɗin da ke kai mutum wani shafi. Fayil na farko sunansa index.html. Kurakurai biyu ne ke cinye wannan makon. Na ɗaya, Windows kan ɓoye wutsiyar sunan fayil, sai yaro ya adana index.html.txt bai sani ba, burauza ta ƙi nuna shafi. A kunna nuna wutsiyar tun ranar farko. Na biyu, hoto ya ƙi fitowa don yana wata folda daban. Duk hotuna su zauna cikin foldar aikin, sunayensu da ƙananan haruffa, babu tazara.

A nan ne nake son malamai su tsaya kan rubutun Hausa, don yaranmu shafin Hausa za su yi wa iyayensu. In babu layin meta charset="UTF-8" a saman fayil, haruffan ƙ, ɗ da ɓ na iya rikiɗewa su zama tarkacen alamomi. A VS Code, in aka rubuta alamar motsin rai aka danna Tab, ƙashin shafin zai fito da wannan layi a ciki, sai kawai a sauya lang="en" ya koma lang="ha". A zaɓi salon rubutu mai ɗauke da haruffan, kamar Noto Sans. Windows na da kibod na Hausa da ake ƙarawa a saituna, haka Gboard a waya. Yaron da ya rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi a shafin da duniya za ta gani, laifin malaminsa ne.

Mako na uku da na huɗu CSS: launi, girman rubutu, tazara, jera abubuwa gefe da gefe, da sa shafi ya daidaita da fuskar waya. Wannan na ƙarshen ba a wasa da shi, domin kusan duk wanda zai buɗe shafin a Kano da waya zai buɗe. A Chrome, danna F12 na ba da damar ganin yadda shafin zai fito a ƙaramar fuska.

Mako na biyar aikin gaske. Kada a bar yaro ya yi shafin kamfanin da babu shi. Ya yi wa shagon yadin babansa a Kantin Kwari, ko turaren wutar da ummansa ke haɗawa, ko Islamiyyarsu. Shafi uku sun isa: na farko, na kaya ko ayyuka, da na tuntuɓa. Ya ɗauki hotunan da kansa, ya rage nauyinsu da TinyPNG ko makamancinsa, don hoton waya kan kai megabait uku zuwa biyar, kuma babu mai ƙona datarsa yana jiran shafi ya buɗe. Maɓallin WhatsApp kuwa da wa.me ake yin sa, a bi shi da 234 da lambar ba tare da sifirin farko ba. In lokaci ya ragu, a ɗanɗana masa JavaScript kaɗan, harshen da ke sa shafi ya amsa in an danna wani abu.

Mako na shida a ɗora shafin a intanet. GitHub Pages, wurin ɗora shafi, kyauta ne, ana buɗe asusu daga shekara 13, kuma adireshin zai ƙare da github.io. A nan ne kuskuren manyan haruffa ke fitowa: Hoto.JPG da hoto.jpg abu ɗaya ne a wurin Windows, amma daban suke a can, sai hoton da ke fita a aji ya ɓace a intanet. Adireshi na kai mai ƙarewa da .com.ng ana sayensa ne daga dillalan da hukumar NiRA ta amince da su, kuma duk shekara ake sabuntawa. Ba dole ba ne a wannan matakin.

Hattara: kada a sa adireshin gida, lambar yaron, ko hotunan 'yan gida a shafin. Lambar kasuwanci ta babba ita ce za ta fito. Sannan in jadawalin ya fara da WordPress ko Canva, masu haɗa shafi ba tare da rubuta kod ba, tun makon farko, yaro zai fito da shafi mai kyan gani wanda bai san yadda aka yi shi ba. Suna da amfani, amma bayan an san HTML da CSS.

8. Bibiya a gida

Ba sai kun iya kwamfuta ba kafin ku gane ko yaro na koyo. Duk ƙarshen mako ku ce ya nuna abin da ya yi, sannan ku nemi ya sauya wani abu a gabanku. Na ga wata uwa da ba ta taɓa riƙe linzami ba ta yi wannan. 'Yarta ta kawo laftof ta ce, "Umma, kin ga shafin turarenki." Ta duba ta ce, "Masha Allahu, 'yar nan. To mayar mini da wannan jan ya zama kore, ki kuma sa humra a sama da turaren tsuguno." Yarinyar ta buɗe fayil ɗin CSS, ta sauya kalma ɗaya, ta koma HTML ta ɗaga layuka huɗu sama, ta sabunta shafin, sai ga shi yadda aka ce. Wanda ya kwafo daga abokinsa ko ya sa ChatGPT ya rubuta masa duka ba zai iya wannan ba, zai fara kame-kame. Ban hana yaro tambayar irin waɗannan manhajoji ba in ya maƙale, amma duk layin da ba zai iya bayyana aikinsa ba, ya goge ya sake rubutawa.

Kwamfutar ta zauna a falo ko tsakar gida, ba a ɗaki bayan an rufe ƙofa ba. Ku yi masa magana a fili kan abubuwa uku: cacar ƙwallo ta intanet, hotunan banza, da masu zuwa da sunan za su koya masa hanyar samun kuɗi cikin sauri. Damfara ta intanet laifi ce a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, kuma EFCC na kama matasa a kanta. Ya sani cewa ba a ba kowa aron asusun banki, lambar NIN ko layin waya, ko da abokin aji ne.

In mako biyu suka wuce bai iya nuna komai ba sai rubutu a littafi, ku koma cibiyar ku ga malamin kafin ku biya ragowar kuɗin.

9. Bayan an koma makaranta

Abin da aka koya a mako shida kan zube cikin zango ɗaya in aka ajiye shi. Ku ware awa ɗaya ranar Asabar ko Lahadi. freeCodeCamp na da darussan tsara shafi kyauta da ake yi a cikin burauza, W3Schools kuma wurin duba abin da aka manta ne. Ku ba shi aikin kula da shafin da ya gina: in farashi ya sauya ko sabon kaya ya zo, shi zai gyara. In an sayi adireshi, ku rubuta ranar sabuntawa a kalandar gida, kuma asusun ya kasance da imel ɗin babba, ba na malamin cibiya ba, don kada shafin ya zama a hannun wani.

Ɗan SS3 ya sassauta kod daga zango na biyu ya fuskanci WAEC, NECO da JAMB. Sauran kuwa su yi amfani da hutun Disamba su sake gina shafin daga farko ba tare da duba tsohon ba. Wanda ya iya wannan, a dogon hutu mai zuwa a saka shi ajin JavaScript.